Motar da Ake Kwana a Cikinta: Shawarwari kan Zaɓen Kayan Wanki

A Turai da Amurka akwai motar tafi-da-gidanka, mai gado da murhu da bayan gida, kuma kowane ɓangarenta da irin sabulun da aka yi dominsa. A Sabon Birni da Isa ba mu da irinta, amma muna da magidantan da mota ce ɗakinsu rabin wata. Direban da ya yi lodin shanu ko albasa ya bi ta Jega, Yawuri, Kwantagora, Mokwa da Jebba har Legas, a kan motarsa yake barci, nan yake shan shayi, nan yake canza kaya. Tun da tafiyar dare ta zama kasada a hanyar Marnona zuwa Isa da ta Shinkafi, har mai Sharon da mai J5 inda magariba ta same shi nan yake yada zango. Da aka rufe iyaka da Nijar a watan Agusta na 2023 kuwa, direbobin manyan motoci makonni suka yi a layi a Illela.

Kayan wankin waɗannan motoci yawanci daga gida suke fita: uwargida ta ƙulla omo a leda, ta tsiyaya Hypo a gora, ta miƙa wa yaron mota. To amma tsakar gida siminti ce da iska a buɗe. Cikin mota roba ce da fenti da soso da ƙarfe, a rufe, cikin zafi. Ba duk abin da ya gyara can ne ke gyara nan ba.

1. Omo na tufafi ne, a bar shi can. Garin wanki, ko Klin ne ko Ariel ko Viva, yana da kaifi irin na kanwa, don an yi shi ne ya ciro dauɗa daga zaren auduga. A jikin mota yana cinye maiƙon da ke kare fenti, shi ya sa motar da ake yawan wankewa da shi take yin fari-fari, ta dushe tun ba ta tsufa ba. Robar bakin gilashi da ta ƙofa ma bushewa suke yi su tsattsage, damina ta zo ruwa ya riƙa ɗiga kan katifar direba. Ga shi garin ba ya narkewa duka a ruwan sanyi, ɓurɓushinsa ya shiga tsumma ya yi ta karce fenti. Wanda ke da hali ya sayi sabulun ruwa na wankin mota, murfi ɗaya ko biyu ya isa bokiti. In babu, 'yan ɗigon sabulun wanke-wanke irin Morning Fresh ko Mama Lemon sun fi omo sauƙi nesa ba kusa ba, ko da yake shi ma ba na kullum ba ne a kan fenti. Masu wanki a tasha omo suke sawa don shi ne mai arha kuma mai kumfa, mutane kuma kumfa suke kallo. Kumfa ba ta wanke komai. Maigida ya tafi da nasa sabulun, ya ce, “Samari, ga wanda za ka sa mini,” ba wanda zai ƙi.

2. Lokacin hunturu, ruwa kafin tsumma. Ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, garin yashi ne mai kaifi. Yaron mota ya ɗauki busasshen tsumma ya goge gilashi da asuba, kullum yana ƙara masa zane. Da rana ba a gani. Sai dare ya yi, fitilar mai zuwa ta haska, direba ya ga hasken ya watsu a gilashin gaba ɗaya. Murfin fitilun motocin yanzu roba ne, ya fi gilashi saurin karcewa. A fara watsa ruwa ƙurar ta gangara, sannan a sa tawul mai laushi. Tsumman taya daban, na gilashi daban, na cikin mota daban. Soson ƙarfe da soson buhu da toka na tukunya ne. In ruwan rijiya ya bar farin tabo a gilashi, ruwan khal ko na lemun tsami da aka sirka yana ɗauke shi.

3. Hypo da Jik suna da amfani, amma da ma'auni. Su ne ke kashe ƙwayar cutar amai da gudawa, kuma duk wanda ya ga shekarar 2021, lokacin da aka ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, Sakkwato da Zamfara na ciki, ya san ba abin wasa ba ce. Motar haya kuwa ita ce motar asibitin ƙauye. Ita ke ɗauko mara lafiya da mai naƙuda zuwa Isa ko Sabon Birni ko Sakkwato.

A duba jikin gorar Hypo ko Jik. In an rubuta kashi 3.5 cikin 100, to ga yadda ake sirkawa da gwangwanin madara. Don amai ko zawo ko jini: gwangwani 1 na Hypo, gwangwani 6 na ruwa. A sa leda a hannu in babu safar roba, a kwashe ƙazantar, a zuba haɗin a wurin, a bar shi minti 10, sannan a ɗauraye. Don goge sitiyari da mariƙin ƙofa da shimfiɗar roba: gwangwani 1 a ruwa wajen lita 5. Ɗaurayewar wajibi ce, domin in ya bushe a kan ƙarfe tsatsa yake jawowa, ƙasan mota kuma ƙarfe ne. Kujerar yadi yana kashe mata launi, don haka motar da ke yawan ɗaukar marasa lafiya gara a yi wa kujerunta rigar leda mai gogewa. Haɗin yau na yau ne, in ya kwana ya rage ƙarfi. Zuba shi tsura kuma ba ya ƙara tsabta, sai dai ya ƙone hannu ya cinye roba.

4. Kada a haɗa biyu wai don su ƙara ƙarfi. Harpic ruwan asid ne. In ya haɗu da Hypo, iskar guba ce ke tashi, mai shaƙe maƙogwaro da ƙona ido. A bayan gida mai buɗaɗɗen sama ma mutane na tari har su galabaita, balle a kan mota da gilashi a rufe. Haka in aka haɗa Hypo da khal ko lemun tsami. Harpic dai ba shi da aikin yi a mota ko kaɗan. Izal ya yi daidai da bodin da aka sauke dabbobi, amma a ɗakin direba warinsa kama soso yake yi ya ƙi fita, mai asma ya kwana yana shaƙa. Dettol da aka sirka ya isa goge katifar leda.

5. Jarkar ruwan sha ta fi fenti muhimmanci. Mutum ya kashe kuɗi motarsa na ƙyalli, amma leƙa cikin jarkar da ke ɗaure a gefen bodi: gansakuka ta yi kore a gindi, bakin ya yi baƙi saboda hannu, murfin kuma leda ce aka cusa. Daga nan ake shayi, daga nan ake alwala, daga nan yaron mota ke kafa kai. A wanke ta da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, a girgiza sosai, a zubar. A zuba haɗin nan na gwangwani 1 a lita 5, a jujjuya ya taɓa ko'ina, a bar shi rabin awa, a ɗauraye har warin ya tafi, a kife ta ta bushe. Hypo mai turare ba ya shiga jarkar sha, haka Izal da Dettol. Jarkar da ta taɓa ɗaukar man girki tana yi. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta komawa ta ruwa har abada, don roba na shanye su, ko sau nawa aka wanke.

Ruwan da za a ɗiba a hanya kuma, ƙwayar Aquatabs mai miligiram 67 tana gyara lita 20 na ruwa garai-garai, a jira minti 30 kafin a sha. WaterGuard ma haka aikinsa yake, a bi ma'aunin da ke jikin gorar. In ruwan ya gurɓace, sai an bar shi ya kwanta an tace tukuna.

6. Fetur da kalanzir da man birki ba kayan wanki ba ne. An saba ganin bakanike na wanke hannu da fetur, sai aka ɗauka yana yi wa kujera da dashbod. Yana narka wasu robobin, tururinsa na sa jiri, ga kuma risho ko ɗan gas na dafa shayi a kusa. Man birki da wasu ke shafa wa taya don ta yi baƙi, in ya ɗiga a fenti ɗaye shi yake yi. Baƙin mai a hannu, a murza ɗan man gyaɗa, sannan sabulu. Farin garin da ke taruwa a kan batir, ruwan ɗumi da bekin soda da tsohon buroshin haƙori, bayan an kashe mota.

7. Kowane tabo da maganinsa. Manja: kada a goge, gogewa tura shi ciki take yi. A danna tsumma ya tsotse, a barbaɗa hoda ko garin sitaci ya sha sauran, a kakkaɓe, sannan sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi. Jini: ruwan sanyi, don na zafi dafa shi yake yi ya kama yadi. Goro: tun yana ɗanye, ruwa da ɗan lemun tsami. Fura da nono su ne masu wuya, don sukan ratsa yadi su shiga soson kujera, rana ta buga, kwana biyu ba mai iya zama. A wanke nan take, da ruwa kaɗan-kaɗan ana tsotsewa da tawul, a buɗe ƙofofi rana ta busar. Wanda ya kwarara wa kujera bokiti guda a watan Agusta ya sayi fumfuna.

8. Turaren mota ba ya kashe wari, lulluɓe shi kawai yake yi. Gawayi a tsohuwar safa a ƙarƙashin kujera ya fi shi aiki. Kaskon turaren wuta kuwa kada ya shiga mota.

9. Bodi ruwa yake so, da yawa. Fitsarin dabbobi da takin zamani, yuriya ko NPK, suna cin ƙarfe, musamman a lungun da suke maƙalewa. Da an sauke kaya a share, a kwarara ruwa, sabulu daga baya ne. Tamfol a wanke shi da ruwa da sabulu mara kaifi, kuma kada a naɗe shi da danshi. Sai dai kada a yi wankin a cikin gulbi. Ruwan Rima da Bunsuru da Gagare shi dabbobi ke sha, shi masu fadama ke ja zuwa albasa da tattasai, baƙin mai kuma ba ya nitsewa, bin ruwa yake yi. A ɗebo a bokiti a wanke can tudu. Yaron mota ma ya tsira daga tsargiya, wadda ake ɗauka ta tsayawa a ruwan tafki.

10. Kuɗin cizo ba dalilin zuba fiya-fiya ba ne. Sniper maganin gona ne, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna saboda yawan mace-macen da aka samu. Ƙwayar maganin da ake jefawa a buhun wake ta fi shi haɗari. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum cikin barci, don haka ko lodin wake aka yi da ita a ciki, kada kowa ya kwanta ƙarƙashin tamfol. Kuɗin cizo zafi ne ajalinsa. A fitar da katifa, a zuba tafasasshen ruwa a ɗinkinta da katakon gado, a wanke bargo da ruwan zafi, a shanya a ranar bazara, a maimaita bayan mako guda saboda ƙwai. In dole sai feshi, a sayi na cikin ɗaki mai lambar NAFDAC, a fesa da safe, a buɗe ko'ina kafin dare.

11. Sabulun ruwa na haɗin gida, wanda mata ke sayarwa a gorar ruwa, sana'a ce mai kyau, kuma da yawa sun iya. Amma da soda ake haɗa shi, in hannu ya zarce sai ya yi kaifi. In ya sa yatsu zafi ko santsin da ba ya ɗaurayuwa, a bar shi ga siminti. Soda na cin alminiyam, ko butar shayi ce ko rim ɗin taya. Duk sabon abu, na gida ko na kanti, a fara gwada shi a ɓoyayyen wuri, kamar ƙasan kujera, a jira ya bushe a gani.

12. Inda aka ajiye shi ma zaɓi ne. A watan Afrilu zafin ƙasar Gobir yakan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuma yakan kai 60. Gwangwanin feshi an rubuta a jikinsa kada ya wuce 50, don haka ba a barinsa a kan dashbod. Hypo ma zafi da rana na kashe ƙarfinsa, gara a riƙa sayen ƙaramar leda da za a ƙarar. A samu bokiti mai murfi a ajiye komai ciki, nesa da garin kwaki da sukari da ganyen shayi.

Uwargida kuma, don Allah, kada a ƙara zuba Hypo ko kalanzir a gorar lemo ko ta ruwan sha. Mota ta dawo gida, yara sun hau suna wasan direba, ƙishirwa ta kama ɗaya, ya ga gora. In hakan ta faru, kada a sa masa yatsa ya yi amai, kada a ɗura masa manja. Amai na ƙara ƙona maƙogwaro, kalanzir kuma yakan faɗa huhu. A kuskure masa baki, a cire rigar da abin ya zuba, a wuce da shi babban asibitin Isa ko na Sabon Birni, a tafi da gorar don ma'aikata su ga abin da ya sha.