Ɗan riƙo amana ne

Madarumfa tana kudu da Maraɗi, a bakin tafki. A cikin garin, da garuruwan gundumar kamar Gabi da Safo da Ɗan Isa, akwai yara da yawa da suke zaune a gidan da ba na iyayensu ba. Irin wannan zama shi ake kira riƙo.

Me yake kawo riƙo? Wani yaro an kai shi yaye wurin kakarsa, ya zauna can. Wata yarinya an ba gwaggonta ita, don gwaggon ba ta haihu ba. Wani ya gama firamare a ƙauye, an sauke shi gidan ɗan'uwa a Maraɗi don ya yi kwaleji. Wani kuwa maraya ne. A shekarar 2019, dubban mutane sun gudo daga Najeriya zuwa jihar Maraɗi saboda ƴan bindiga. Cikinsu har da yaran da suka rabu da iyayensu.

Riƙo ba sabon abu ba ne. Annabi Muhammadu (S.A.W.) maraya ya tashi. Kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi. Da kakan ya rasu, baffansa Abu Ɗalibi ya ɗauke shi.

Amma ba kowane gida yake riƙon amana ba. A wani gida, ƴar riƙo tana cin tuwo kwano ɗaya da ƴaƴan gida, su tafi makaranta tare. A wani gidan kuwa, ita ce ɗebo ruwa, ita ce daka, ita ce talla har dare. Sai kowa ya ci a miƙa mata ƙanzo. In kuɗin talla ya ɓace, ta sha duka. Wannan ba tarbiyya ba ce, zalunci ne. Aika da shara ba laifi ba ne, in an raba su daidai tsakanin yaran gida duka.

Ga haƙƙin ɗan riƙo. A ba shi abinci da sutura da wurin kwana. A kai shi likita in ba shi da lafiya. A sa shi makaranta. A yi masa takardar haihuwa da sunan mahaifinsa. A bar shi ya riƙa ganin danginsa. In maraya ne, a adana masa gadonsa har ya girma. Kada a ji masa ciwo, kada a yi lalata da shi.

Ƙasashen duniya ma sun yarda da haka. Ran 20 ga Nuwamba 1989, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara. Nijar ta karɓe ta a 1990. Yarjejeniyar ta ce yaron da ya rasa zama da iyayensa yana da haƙƙin kulawa ta musamman daga hukuma. A 1999 Nijar ta kafa kotunan yara. Alƙalin yara yana da ikon ɗauke yaro daga gidan da ake cutarsa.

Yara, sau da yawa ɗan riƙo ba ya iya kai ƙara, don yana tsoro. Ku da kuke aji ɗaya da shi, ku ne kuke fara gani. Kuna ganin shatin bulala, da yawan barci a aji, da fashin makaranta. Kada ku yi masa dariya. Ku gaya wa malaminku ko iyayenku. Su za su kai magana wurin mai gari, ko ma'aikatan kare yara, ko jandarma. In ku ne ake cuta, ku faɗa. In wanda kuka gaya wa bai ji ba, ku gaya wa wani. Faɗar gaskiya ba tsegumi ba ne. Hausawa sun ce, ɗa na kowa ne.

Tambayoyi

1. Mene ne riƙo?
2. Kawo dalilai uku da suke sa a ba da yaro riƙo.
3. Wa ya riƙe Annabi bayan rasuwar kakansa?
4. A wace shekara Nijar ta kafa kotunan yara?
5. Wa za ka gaya wa in ka ga ana cutar ɗan ajinku?

Aiki

Rubuta haƙƙoƙi biyar na ɗan riƙo cikin littafinka. Karanta wa mutanen gidanku su.