ƘWARON LAWASHI: YADDA AKE GANE SHI DA YADDA AKE KAWAR DA SHI DAGA ƘANANAN ALBASA

Kowace shekara, da zarar hunturu ya fara ja da baya, masu noman albasa a fadamun Aliero da Goronyo da Wurno, da takwarorinsu na Kano da Jigawa da Gombe, har ma da na Galmi can cikin Jamhuriyar Nijar, sukan wayi gari su tarar lawashinsu ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka. Waɗansu su ɗora laifin a kan hazo, waɗansu su ce ƙarancin ruwa ne, waɗansu kuwa su ce taki ne ya ƙona shuka. Sau da yawa mai laifin wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne wanda masana ilimin ƙwari ke kira tirifis, sunansa na kimiyya kuwa Thrips tabaci. Wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Lindeman ne ya raɗa masa sunan nan a shekarar 1889, bayan ya same shi a kan ganyen taba. Yana kuma cin tafarnuwa da kabeji da auduga da ciyayi iri-iri, amma tun da yake a kan albasa ne ya fi yi wa manomin ƙasar nan ɓarna, a cikin wannan ƙasida za a riƙa ce masa ƙwaron lawashi.

KAMANNINSA DA MAƁOYARSA

Babban ƙwaron tsawonsa bai wuce milimita 1 da ɗan ɗoriya ba, watau ƙwarƙwata ma ta fi shi girma. Siriri ne, launinsa daga rawaya-rawaya zuwa ƙasa-ƙasa, yana da fukafukai huɗu sirara masu geza kamar gashi. Ba gwanin tashi ba ne, iska ce ke ɗaukarsa daga wannan lambu zuwa wancan. 'Ya'yansa ba su da fukafukai, farare ne ko kuwa masu ruwan ƙwai-ƙwai, kuma su ne suka fi yawa a jikin shuka. Kada a rikita shi da ɗan'uwansa baƙi wanda ake tararwa cikin furen wake yana sa fure ya zube. Wancan jinsi ne dabam.

Bakin ƙwaron nan yana da ɗan tsinke wanda yake huda fatar ganye da shi, sa'an nan ya tsotse ruwan da ke cikin 'yan ƙananan ɗakunan ganyen. Ɗakin da aka tsotse sai iska ta cika shi, shi ya sa wurin yake ƙyalli kamar azurfa. In an duba da kyau, za a ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a kan farin tabon, kashin ƙwaron ke nan. Wannan ɗigo shi ne babbar shaidar da ke raba ɓarnarsa da ƙunar taki ko ƙarancin ruwa, gama waɗannan sukan busar da ganye ne daga tsini ba tare da sun bar kashi ba.

To, a nan ne manoma da yawa ke yin kuskure. Farin tabon da ake hangowa a tsakiyar ganye ko kusa da tsininsa tsohuwar ɓarna ce. Ganyen albasa daga gindi yake tsiro, yana tura abin da ya riga ya fito zuwa sama. Saboda haka wurin da aka ci tun yana ɓoye cikin wuyan albasa sai bayan kwanaki yake fitowa fili. Ƙwarin kuwa suna nan ƙasa, a matse tsakanin sababbin ganye biyu ko uku na tsakiya, inda rana ba ta kai musu, iska ba ta busar da su, feshi kuma ba ya iske su. Wanda ya jira sai lambu ya yi fari kafin ya ɗauko injin feshi, ihu ne bayan hari. Wanda kuma ya fesa magani a saman ganye kaɗai, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Hanyar dubawa ba ta da wuya. Da sassafe, a tsuguna a buɗa ganyen tsakiya a hankali da yatsu biyu, a leƙa cikin wuyan. In suna nan za a ga 'yan abubuwa rawaya suna gudu zuwa ƙasa don tsere wa haske. Mai raunin gani yana iya kaɗa shukar a kan farar takarda ko farin faranti, ya lura da abin da ke motsi. A duba shuka 10 zuwa 20 a fangalai dabam-dabam, musamman na bakin lambu ta inda iska ke shigowa, domin daga gefe annobar takan fara. A yi haka sau ɗaya a mako aƙalla, tun daga wurin renon iri.

ABIN DA YA SA YAKE YAWAITA DA SAURI

Macen ƙwaron nan tana iya haihuwa ba tare da namiji ba, har a wurare da yawa ba safai ake ganin namijin ba ma. Tana tsaga fatar ganye ta cusa ƙwanta ciki. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan ya yi matakai biyu yana ci, sa'an nan ya sauka ƙasa ya kwanta, ba ci ba sha, har ya rikiɗa ya fito da fukafukai. Cikin zafi duk wannan ba ya wuce mako biyu zuwa uku. Zafi da bushewar iska su ne abokansa, ruwan sama mai ƙarfi kuwa yakan wanke shi ya kashe na cikin ƙasa. Noman rani, wanda ba ruwan sama a cikinsa, ya zama masa kamar gida. Haka nan ɗakin renon shuka mai rufin leda, inda zafi ke taruwa. Kada kuma mai irin wannan ɗaki ya dogara ga ragar gidan sauro, ƙwaron yana ratsa idonta.

Daga wannan bayani mai karatu zai fahimci dalilin da ya sa feshi ɗaya ba ya gama da shi. A ranar da aka yi feshi, ƙwai yana cikin naman ganye, masu rikiɗa suna cikin ƙasa. Bayan 'yan kwanaki sai su fito su maye gurbin waɗanda suka mutu, manomi kuwa ya ce maganin jabu aka sayar masa.

Ƙaramar shuka ita ta fi jin jiki. Girman kan albasa ya dogara ne ga yawan lafiyayyun ganyen da ta samu kafin ta fara yin kai. Dashen da aka tsotse tun yana ƙarami yakan tsumbure, ganyensa ya murɗe, wani ma ya mutu; in ya rayu kuwa, ƙaramin kai zai yi. Har ila yau raunukan da ƙwaron ya bari ƙofa ce ga cutar nan mai sa tabon shunayya a ganye, kuma shi ne ke yaɗa wata cutar bairos mai sa tabo launin kara a ganye da sandar fure. Ita wannan ba ta da magani in ta kama shuka.

MATAKAN DA BA SU BUKATAR KUƊI

Na farko shi ne lokacin dashe. Binciken da aka yi a Sakkwato ya nuna cewa ƙwarin sun fi yawa wajen watannin Fabrairu da Maris, kuma albasar da aka dasa da wuri, tun cikin Nuwamba, takan yi ƙarfi kafin su taso. Mai jinkirta dashe har Janairu yana miƙa musu jaririyar shuka ne a daidai lokacin da suka fi yunwa.

Wurin renon iri ya yi nesa da tsohon lambun albasa ko na tafarnuwa, da albasar da aka bari don iri, kada kuma a yi shi ta inda iska za ta kwaso ƙwari daga can ta zuba masa. A nome ciyawar da ke kewaye. Iri yakan yi mako 6 zuwa 8 a wurin reno, kuma cikin wannan lokaci ban ruwa ta sama da buta mai kai kamar rariya ya fi kwararo ruwa ta ƙasa, gama yana kwaikwayon ruwan sama. Sai dai a yi shi da safe don ganye ya bushe kafin dare, kada a gudu wa ƙwaro a faɗa wa ruɓa. Wanda zai sayi dashe a hannun wani, lalle ne ya buɗa wuyansa ya duba kafin ya biya. In an datse lawashi wajen dasawa, a tattara abin da aka datse a binne shi, akwai ƙwai a ciki.

Bayan dashe, kada a bar albasa ta galabaita don rashin ruwa, kada kuma a cika mata takin yuriya fiye da kima, domin ganye mai taushi da irin wannan taki ke haifarwa ƙwarin sun fi so. Shimfiɗa bambaro tsakanin layuka yana taimakawa. A ƙasar Indiya, cibiyar binciken albasa da tafarnuwa tana ba manoma shawarar su kewaye lambu da layi biyu na masara, a shuka ta kamar wata ɗaya kafin dashe, don ta tare ƙwarin da iska ke kawowa. Tarkon kwali mai danƙo, shuɗi ko rawaya, yana nuna ranar da suka iso, amma ba ya rage su ƙwarai.

IN YA ZAMA TILAS A YI FESHI

Ganin ƙwaro ɗaya ko biyu ba dalilin feshi ba ne. Masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka suna ba da shawarar a ƙirga ƙwarin, a raba da yawan ganye, a fara feshi in an kai kamar ƙwaro 1 ga kowane ganye, ko 3 in maganin mai ƙarfi ne ƙwarai. Wannan ma'auni na ƙasarsu ne, amma hikimarsa ta shafi kowa: a ƙirga tukuna.

Ga ƙananan shuka, yana da kyau a fara da 'ya'yan darbejiya. A ɓare, a daka giram 50 na ƙwayar ga kowace lita ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma a ranar da aka tace. Ba ya kashewa nan take, yana hana ƙwarin ci da girma ne, kuma ba ya yi wa gizo-gizo da sauran ƙwarin da ke farautarsu mummunar illa.

Maganin kanti kuwa, ga abin da ya kamata a sani. A ƙasashe da dama, ciki har da Amurka da Kanada, ƙwaron lawashi ya riga ya saba da magunguna dangin lamda-sihalotirin da sifametirin, waɗanda su ne suka fi cika kasuwannin ƙasar nan. Sabo yana samuwa ne in ana maimaita dangi ɗaya: masu rauni su mutu, masu juriya su hayayyafa. Canza sunan kwalba ba canza magani ba ne, kamfanoni da yawa suna sayar da sinadari guda da sunaye dabam-dabam. A jikin kwalabe da dama akwai lambar dangi: 3A ga waɗanda aka ambata, 5 ga sifinosad, 6 ga abamaktin. Kada a fesa dangi ɗaya fiye da sau biyu a jere. Wanda bai iya karanta takardar ba, ya nemi malamin gona na yankinsa. A sayi mai lambar rajistar hukumar NAFDAC kaɗai, a kuma guji endosalfan ko da wani ya fito da tsohon ajiya, an sa shi cikin jerin magungunan da ƙasashen duniya suka amince a daina tun 2011.

Yadda aka fesa ya kai ingancin maganin muhimmanci. Ganyen albasa yana da santsi, ruwa ba ya zama a kansa, don haka a haɗa da sinadarin da ke sa magani ya manne. A yi amfani da isasshen ruwa, a saukar da bakin bututu a nufi wuyan shuka, da safe ko da yamma sa'ad da iska ta kwanta. Bayan kwana 7 a sake buɗa wuya a ƙirga, a maimaita in akwai bukata. Mai feshi ya rufe hanci da baki da hannuwa, ya yi wanka da sabulu bayan ya gama, kada kuma a zuba ruwan sha ko mai a kwalbar da ta ƙare. Masu yankan lawashi don kai wa kasuwa su cika kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba, gama mutane suna cinsa ɗanye.

Bayan an cire albasa, a kwashe ragowar ganye da ruɓaɓɓun kawuna a binne, a kafce ƙasar, a tuge duk wadda ta sake tohowa da kanta. A kan irin waɗannan ne ƙwarin ke fakewa har irin baɗi ya tsiro.