Yadda ake hana ganyen shinkafa tsufa kafin lokacinsa

Duk mai noman rani a ƙarƙashin madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, daga Maradun har Talata Mafara da Bakura, ya san yadda gaba ke faɗuwa idan ganyen shinkafa ya fara rawaya. Abin da aka saba shi ne a ruga a sayo yuriya, kuma a ganina wannan gaggawa ce. Tsufan ganye aiki ne da ƙwayoyin gadon shukar suka tsara: da zarar ta fitar da kai, sai ta rushe koren da ke cikin tsofaffin ganye, ta kwashe nitrojin ɗinsu ta kai wa ƙwaya. A 1995 Susheng Gan da Richard Amasino na Jami'ar Wisconsin a Amurka sun sa wa taba ƙwayar gado mai ƙara sinadarin saitokinin, ganyenta ya daɗe bai tsufa ba. Ke nan akwai agogo a jikin shuka, amma yunwa da ƙishi da zafi da inuwa suna tura shi gaba. Su ne manomi zai tare.

Da farko, shiga fangali ka duba wane ganye ne ya canza. Idan na ƙasa ne kaɗai, kuma shinkafa ta riga ta fitar da kai, ƙyale ta, cika ƙwaya take yi. Idan kuwa tana ƙarama ne, gonar duka ta koɗe, rawayar na hawa daga ƙasa, to yunwar nitrojin ce. Bakin tsohon ganye da ya ƙone kamar an babbaka yana nuna ƙarancin fotash. Rawaya mai dabbare-dabbare a shukar da ta tsumbure tana iya zama cuta, wadda taki ba ya maganinta. Kira malamin gona. Sannan ka tuge tushe ɗaya ka wanke saiwar. Fara mai ƙwari lafiyayya ce, baƙa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa ruwa ne ya kwanta mata, sai a buɗe magudana a sauya shi. Saiwa ce ke aika wa ganye yawancin saitokinin ɗin nan, don haka idan ta shaƙe, ganye zai tsufa ko an cika gonar da taki.

Na biyu, raba taki. Sa kamfa lokacin dashe, ka kasa yuriya gida biyu: kashi ɗaya bayan mako biyu zuwa uku, lokacin da take 'ya'ya, ɗayan gab da ta ɗauki ciki. Na ƙarshen ne ke riƙe ganyen can sama da ke kusa da zangarniya, wanda ya fi kowane ciyar da ƙwaya. Na uku, bar tazarar santimita 20 tsakanin tushe da tushe, kada cunkoso ya rufe ganyen ƙasa da inuwa. Na huɗu, kada ruwa ya yanke daga ɗaukar ciki zuwa cikar ƙwaya, kuma a yi dashe da wuri yadda fure ba zai haɗu da zafin Afrilu ba, domin zafin da ya haura digiri 35 yana barin ƙwaya fanko.

Wani zai ce tunda kore ake so, a yi ta zuba yuriya. Koren da ya wuce lokacinsa asara ne: shinkafa ta yi ganye, ta kwanta, cuta ta samu ƙofa, abincin da ya kamata ya shiga ƙwaya ya maƙale a kara. Wani kuma zai ce komai daga iri ne. Da gaskiyarsa, tunda shinkafa irin FARO 44 tana da kwanakinta, kuma masu bincike na cibiyar ICRISAT sun yi aiki kan dawar da ganyenta ke jure fari bayan fure. Sai dai iri ɗaya a fangali biyu maƙwabta yakan bambanta ƙwarai, gwargwadon ruwa da takin da kowanne ya samu.

Daga ƙarshe, idan ƙwaya ta yi tauri, janye ruwa kwana 10 zuwa 14 kafin yanka, ka bar ganyen ya bushe da kansa. Yanke idan kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na ƙwayar zangarniya ya koma launin tattaka.