Kada A Zaunar Da Inna

Kun san yadda tsohuwa ke tashi daga tabarma: ta dafa ƙasa, ta dafa gwiwa, ta ce bismillah. Kun kuma san ƙiba na cin gwiwa, ba sai an koya muku ba. Abin da ke riƙe mutum a tsaye shi ne ido, da cikin kunne, da tafin ƙafa, da ƙarfin cinya. Idan teɓa ta yi yawa, nauyi yakan rinjayi jiki gaba, in an yi tuntuɓe ƙafa ba ta saurin tarewa. Ramewa ma ba lafiya ba ce, tsoka ce ke zubewa. Amma mace mai aiki kullum, ko tana da jiki, ta fi mai zama iya tsayuwa.

To, ga inda muke ɓata abin. Inna ta ɗauki tsintsiya, sai matar ɗanta ta taso da gudu.

"Haba Inna! Ina raye za ki yi shara? Me mutane za su ce?"

"Ke 'yar nan, bar ni in motsa jini. Tun kafin a haifi mijinki nake sharar gidan nan."

"Wallahi a'a. Zauna, ga fura na dama miki."

Inna ta zauna. Yau fura da sukari, gobe tuwo har ɗaki. Shekara ta zagayo, maƙwabta na ta cewa, "Masha Allah, hutu ya karɓi Inna!" Ran nan ta tashi za ta makewayi, silifa ta zame a ruwan wanki, ƙafa ta kasa riƙe ta, ƙugu ya karye.

Kada a zaunar da Inna! Bayan haila ta ɗauke, ƙashin mace yakan yi rauni, karayar ƙugu kuwa takan kwantar da tsohuwa wata da watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 abin ya fi shafa. Ta ce tsofaffi su riƙa motsa jiki na ƙarfafa tsayuwa aƙalla kwana 3 a mako.

Ku bar ta ta yi shara, ta yi tankaɗe, ta taka zuwa gidan suna. Ta dafa bango ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta sauya. In tana jiri ko tafin ƙafarta ya mutu, a je asibiti a auna suga da hawan jini.

Ku kuma masu malala ruwan wanki a lungu har gansakuka ta fito, tsofaffi na bi ta nan, ku ji tsoron Allah ku haƙa kwata. Na sake faɗa: kada a zaunar da Inna.