Me Ke Sa Jirgin Kara Ya Karkace?

Jirage uku na sojan saman Ingila da suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, samfurin DH.9A ne masu fukafukai hawa biyu, waɗanda aka tokare da 'yan ginshiƙai, aka ɗaure da wayoyi. Ɗalibin kimiyya a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun yana iya kwaikwayon irinsu da karan dawa da takarda da zare. Sai dai sau da yawa da an cilla jirgin sai ya kwanta gefe guda ya faɗi, ɗalibi ya ɗora laifin kan iska. Galibi kuwa laifin ɗauri ne.

Dalili shi ne, fiffike yana samun ɗagawa gwargwadon kusurwar da yake fuskantar iska da ita. Idan gaban fiffiken dama ya fi na hagu ɗagowa, ko da digiri 1 ne, iska za ta fi cira shi, jirgin ya kwanta hagu. Ido ba ya saurin kama irin wannan bambanci, saboda haka awo ake yi.

A kafa jirgin bisa tebur mai shafaffen kai. A ja zare daga wutsiya zuwa ƙarshen fiffiken dama, a maimaita a hagu. Tilas tsawon ya zo ɗaya. Daga nan a auna da rula tsayin gaba da na bayan kowane fiffike daga tebur, a kwatanta ɓangarorin biyu. Ginshiƙan dama da na hagu su ma su zama tsawo ɗaya.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne zaruruwan da ke gilma juna tsakanin ginshiƙai. Wanda ya tashi daga ƙasan gangar jiki zuwa fiffiken sama shi ke riƙe fukafukai idan iska ta ɗaga su; ɗayan yana hana su langaɓewa a ƙasa. Tamke ɗaya fiye da kima yana murɗe fiffike, don haka a sassauta abokinsa tukuna. Gyara ɗaya kawai ake yi, a gwada, kafin a taɓa wani wuri.

Kara da zare suna motsi da sauyin yanayi. Jirgin da aka daidaita cikin laimar damina a gefen madatsar Bakolori, sai an sake auna shi idan hunturu ya kama.