Zakin Peugeot Na Wane Ne?

Wani mai sauraronmu, bakanike da ke gyaran motocin haya a kan hanyar Bodinga zuwa Shagari, ya aiko da tambaya: idan kamfanin mota ya karye, tambarinsa ya zama na wa?

To malam, tambari ma dukiya ce. Idan kamfanin ne ya yi masa rajista, akan sayar da shi tare da sauran kadarori a biya masu bin bashi. Amma sau da yawa aro ne. Dubi PAN ta Kaduna, wadda a da take haɗa 504 ɗin da ka saba buɗe wa bonet. Bashi ya yi mata katutu, hukumar AMCON ta karɓe ta a 2012, amma zakin nan na Peugeot ta Faransa ne, lasisi kawai aka ba Kaduna.

A Suwidin, Saab ta durƙushe a Disamban 2011. Kamfanin NEVS ya sayi masana'antar a 2012, sai Scania, wadda ke da haƙƙi a tambarin Saab, ta hana shi tambarin nan na kan dabbar almara mai kama da mikiya da kambi, daga baya sunan Saab ma ya kuɓuce masa.

Saboda haka masu buga zakin a jikin kayan gyara na jabu haƙƙin Peugeot suke ci, ka kula in za ka saya.