Kula da Tsofaffi: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

A ƙasashen Turawa akwai gidaje na musamman inda akan ajiye tsofaffi, a ɗauki ma'aikata su riƙa kula da su. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, ma'aikata suka yi ƙaranci ƙwarai a irin waɗannan gidaje a ƙasar Kanada, har gwamnati ta tura sojoji su taimaka. Rahoton da sojojin suka rubuta a watan Mayu na shekarar game da gidaje 5 na lardin Ontariyo ya girgiza ƙasar. Sun tarar da tsofaffi kwance cikin ƙazanta, waɗansu ba su cin abinci yadda ya kamata, waɗansu kuwa suna ta kira ba mai amsawa.

Kada a yi gaggawar cewa duk mugunta ce. Bari mu yi lissafi. Tsohon da ba ya iya juyawa da kansa, ƙa'idar masu jinya ita ce a juya shi kamar kowace awa 2, domin kada nauyin jikinsa ya tsayar da jini a wuri guda, fata ta mutu, gyambon kwanciya ya fito. To, idan ma'aikaci ɗaya ke riƙe da tsofaffi 20, kowannensu zai sami minti 6 ne kacal a cikin awa 2. A cikin minti 6 ɗin nan za a juya shi, a wanke shi, a sāke masa shimfiɗa, kana a ba shi kunu cokali-cokali. Ba ya yiwuwa. Abin da akan fara bari shi ne ruwan sha, gama tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, ba zai nema ba, sai a ga ya rikice a ce gigin tsufa ne.

A Nijeriya irin waɗannan gidaje kaɗan ne, kamar gidan gajiyayyu na Shahuci a Kano. Mutanenmu sukan yi alfahari da cewa mu ba mu kai iyayenmu gidan gwamnati. Madalla. Amma lissafin nan yana nan cikin gidajenmu. Mu ɗauki garin Iware, a Ƙaramar Hukumar Ardo-Kola ta Jihar Taraba, kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, wanda ya yi suna da kasuwar shanu. Ranar kasuwa maza sun fita tun asuba, da damina kowa na gona, samari kuwa da yawa sun tafi Jalingo neman aiki. Wa aka bari da Baba a ɗaki? Sau da yawa matar ɗa ce ita kaɗai, ga goyo, ga girki, ga ɗiban ruwa. In gyambo ya fito, ita za a zarga, alhali kuwa masu zargin ba su taɓa kwana ɗaya a ɗakin ba.

Gwamnatin Tarayya ta san da wannan matsala. A shekarar 2018 aka sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, a 2021 kuma aka amince da manufar ƙasa game da tsufa. Sai dai doka ba ta juya maras lafiya da tsakar dare. Lalle ne maigida ya tara 'ya'ya da jikoki, maza da mata, a raba kwanaki, kowa ya san ranarsa. Wanda yake nesa ya aiko da kuɗin ɗaukar mai taimako.

Mai jinya kuwa ya riƙa duba ƙugu, da gadon baya ta ƙasa, da diddige, kowace safiya. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba, watau sai a lura da wurin da ya ƙara duhu, ko ya yi zafi, ko ya yi tauri. Da an ga haka, a ɗauke nauyi daga wurin, a nemi ma'aikacin lafiya na kusa. In fata ta riga ta buɗe, ko zazzaɓi ya biyo baya, kada a tsaya shafa magani a gida, a kai shi asibiti a Jalingo.